Zuwa ga Umaru Likitan Kunne, Daga Ubansa Wanzami

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ɗana Umaru,

Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana cikin lafiya. Na cusa ta cikin jakarka ne, ƙarƙashin ƙullin yajin da Innarka ta daka maka, don na san ba za ka gan ta ba sai mota ta yi nisa da Gummi. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare direba, Ya sauke ka Ibadan lafiya. Da hannuna na rubuta, da bokon da na koya a ajin manya, saboda haka inda harafi ya karkace ka daidaita shi da kanka.

Tun ranar da ka zo ka ce an zaɓe ka ka je ka ƙware a aikin kunne da hanci da maƙogwaro, har da tiyatar wuya, bakina bai rufu ba. Innarka ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. A kasuwa kuwa Mamman mai kifi ya tsayar da ni ya ce, "Garba, shekara nawa yaron nan yana karatu? Ashe duk wanzanci za shi koyo?" Muka yi dariya har na dafa kwandonsa. Amma da na koma gida na yi tunani, sai na ga akwai gaskiya a maganar. Inda na shekara arba'in ina sa hannu, nan za ka sa naka: kan mutum, da wuyansa, da cikin bakinsa. Ilimin da kake da shi ban da ko kusa da shi. Abin da na fi ka shi ne kurakurai, kuma su zan ba ka guzuri, don ba zan iya faɗa maka su ido da ido ba.

Shekarar da kakanka ya ba ni zabira ta kaina, jakar kayan wanzanci, ina ɗan ashirin da 'yan kai, ina jin babu kamata a ƙasar Gummi. Ran wata kasuwa ina zaune gindin tsamiya ina aski, sai ga wata Bafillatana mai sayar da nono ta jawo 'yarta, yarinya kamar mai shekara biyar, tana riƙe da kunnenta. Uwar tana nuna kunnen tana cewa, "Nyebbe, nyebbe." Ni kuwa ba na jin Fillanci a lokacin. Mutane sun zuba mini ido, na ji kunyar in ce ban gane ba, sai na gyaɗa kai kamar na fahimta. A raina na yanke cewa ƙwaro ne ya shiga. Na sa aka ɗumama ruwa, na kwantar da yarinyar, na ɗura mata a kunne, na ce su tafi zai fito.

Washegari da hantsi suka dawo da uban. Yarinyar na tsala kuka, ba ta yarda a taɓa ko gefen kanta. Uban yana jin Hausa, ya ce mini, "Wake ne ta cusa, matata ta gaya maka." Umaru, ka san abin da wake ke yi idan ya kwana cikin ruwa. Maimakon in tsaya nan, sai na ɗauko hantsaki na shiga laluben abin da ba na gani, ina ƙara tura shi ciki. Uban ne ya kama hannuna ya ce ya isa.

Muka ɗunguma zuwa ɗakin shan magani, wurin malamin asibiti na wancan zamani, Malam Isa. Shi bai yi gaggawa ba. Ya naɗe yarinyar da zanen uwarta don kada ta motsa, ya zaunar da su bakin taga inda haske yake, ya daɗe yana dubawa kafin ya taɓa komai. Sannan ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki, ya zagaya da shi bayan waken, ya jawo shi waje a hankali, ya kumbura ya yi biyun girmansa. Ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya zuba ruwa?" Na ce ni ne. Ya ce, a gaban kowa, "Wanzan, kahin ka zuba komi cikin kunnen mutum, tambayi mi ya shiga."

To, ka ji. Inda za ka, Yarabanci ake yi. Za a kawo maka tsohuwa tana nuna maƙogwaronta tana magana, ga manyanka tsaye suna kallonka, za ka ji kunyar cewa ba ka gane ba. Ka ce ba ka gane ba. Ka nemi mai fassara, kuma tun makon farko ka koyi yadda suke cewa kunne, da hanci, da ciwo, da tun yaushe. Sannan kada ka sa ƙarfe inda idonka bai kai ba. Yaro sau ɗaya yake tsaya maka shiru, idan ka ɓata wannan karon da gaggawa, sauran duk kokawa ce.

Da ni mai hankali ne, da na gode wa Malam Isa a ranar. Sai na ƙullace shi. Shekara biyar ina aske kan mutane ina zuba musu magana a kunne: allurarsa na kashe ƙarfin namiji, maganinsa na Nasara ne bai san jikin baƙar fata ba. Idan na hango shi a hanya sai in ratse. Ban san mutum nawa suka fasa zuwa wurinsa saboda bakina ba, Allah Ya yafe mini.

Sai aka haifi yayarka ta Anka, 'yarmu ta fari. Lokacin muna zaune ƙauye ne, hayin gulbi. A al'adarmu, jariri na kwana uku wanzami zai zo ya cire masa beli, wannan ɗan tsokar da ke reto a can cikin baki, don ana cewa idan aka bar shi zai kumbura ya hana yaro shan nono. Na yi wa jariran da ban san iyakarsu ba. Kakanka ya ce in bari ya kira wani abokin sana'a ya yi, na ce wane ne zai fi ni sauƙin hannu a kan 'yata? Da safe na buɗe bakinta, na sa 'yar askar nan mai lanƙwasa, na yanke.

Jini ya ƙi tsayawa. Na sa garin maganin da muke sawa, ya wanke shi. Na ƙara, ya wanke shi. Kukanta ya fara raguwa, leɓenta ya yi fari. Ni kuma ina durƙushe ina ta cewa yanzu zai tsaya, yanzu zai tsaya, don na san wurin da ya kamata in je, kuma na san abin da na faɗa a kan mai wurin.

Innarka ce ta miƙe. Mace mai jegon kwana uku, ko tsayuwa ba ta iyawa sosai. Ta karɓe yarinyar daga hannuna, ta rungume ta, ta ce, "Tashi, gun Malam Isa za mu."

Na ce, "Shi? Da wane ido zan dube shi?"

Ta ce, "In ba ka da idon, zauna. Ni na tahi."

Na bi ta a baya. Wani masunci ya bar komarsa a ruwa ya ƙetarar da mu da kwalekwale, bai tambaye mu komai ba da ya ga jini a zanen Innarka. Da muka isa, Malam Isa na da layin mutane a ƙofa. Ya dubi jaririyar, ya dube ni, bai ce uffan a kan abin da ya wuce ba. Cewa kawai ya yi, "Wanzan, wanke hannunka, riƙe mini kanta." Ya naɗa auduga a bakin wani ƙarfe, ya danne wurin, ya karkata ta don kada jinin ya koma mata ciki, ya yi mata allura. Tun hantsi muke tsaye ni da shi a kanta, har aka kira azahar. Can ya ɗaga audugar ya duba, ya ce, "Alhamdu lillahi." Da la'asar ta kama nono. Innarka ta fashe da kuka tana dariya a lokaci guda, matan da ke layi suka taya ta.

Kafin mu tafi ya ja ni bayan ɗakin. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi. Sai ya ce, "Tambaya ɗaya gare ni. Cikin jariran da kake cire ma beli, nawa ne ke komawa gida su mutu ba ka ji ba?" Nan take na tuna da biyu ko uku da na ji labarin rasuwarsu kwana kaɗan bayan na yi aikin, na ce ajali ne, na wuce.

Zan so in ce maka daga ranar na daina, amma ƙarya ne. Na ƙara shekara biyu ina yi, don tsoron a ce ɗan gidan wanzamai ya bar gadonsa. Daga baya na samo dabara. Idan aka kira ni, sai in yi askin suna, in buɗe bakin jariri in daɗe ina dubawa kamar babban masani, in ce, "Belin wanga yaro ƙarami ne, ba ya buƙatar aska." Duk yaron da aka kawo mini, belinsa ƙarami ne. Har tsofaffin mata suka fara cewa beli ya ƙanƙance a zamanin nan. Kai ne ɗa na farko a zuriyarmu da ya girma da belinsa. Kakarka ta rantse ba za ka kai yaye ba, ga ka nan kuwa kana cinye malmala uku a zama guda. Yayarka kuma, wadda kukanta ya kusa ɗaukewa a hannuna, yau idan ta kira 'ya'yanta a Anka sai unguwa duka ta amsa.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan shi ne, wuya da maƙogwaro wuri ne mai jini, ka fi ni sani. Ranar da jini ya fi ƙarfinka, ko numfashin mutum ya fara sarƙewa a hannunka, ka kira wanda ya fi ka tun da wuri, ko da jiya kun yi faɗa da shi. Kunyar da za ka ji ta yini guda ce. Kuma idan ka dawo ƙasar nan da aiki, za a riƙa kawo maka ɓarnar irina. Ka yi wa maras lafiya aiki, sannan ka nemi wanzamin a gefe, ba a gaban mutane ba. Faɗan da Malam Isa ya yi mini a bainar jama'a gaba ya haifar, tambayar da ya yi mini a bayan ɗaki ita ta canza ni. Bayan haka mun zama aminai har Allah Ya karɓi ransa, kuma babu makon da ba na aika masa da mutum biyu ko uku, don mu wanzamai mu ke fara ganin ciwo kafin ku. Sannan kada ka ɗauka duk abin da malamanka ke yi daidai ne don kawai sun daɗe suna yi. Mu ma da zuciya ɗaya muke cire beli. Ka riƙa bin sawun waɗanda ka yi wa aiki, ka ji yadda suka ƙare bayan sun koma gida.

Za ka yi zaton wanda ya sha wannan darasi ya gama kuskure. Ina! Kana sakandare na sake yin wani, kuma wannan karon ba girman kai ya ja ni ba, ƙauna ce.

Ka tuna Malam Haruna na wajen Bukkuyum, mai makarantar allo, wanda nake yi wa aski duk ranar kasuwa. Murya gare shi, idan yana karatu daga bakin gari ake jin sa. Wata rana ina gyara masa gemu, babban yatsana ya ci karo da wani ƙullutu a gefen wuyansa, kamar ƙwallon goriba ƙarami, da tauri. Na kuma lura muryarsa ta ɗan dishe. Ya ce, "Wanzan, mi ka gani?" Na ga tsoro a idonsa, don ya taɓa gaya mini ubansa a asibiti ya rasu kuma shi ba zai taka can ba. Sai na ce, "Kaluluwa ce, Malam. Yana maka ciwo?" Ya ce ko kaɗan. Na ce to ba komai. Na yi masa ƙaho a wurin, ya ce ya ji sauƙi, muka rabu kowa na murna.

Duk kasuwa sai in taɓa in ji ya ƙaru. Duk kasuwa sai in ce bari mu ga mako mai zuwa. Tun shuka har aka gama girbi muna haka, muryar na ƙara dishewa. Uwargidansa ce ta aiko aka kira ni, ta yi mini magana daga bayan zana. Ta ce, "Wanzan, maganarka kawai yake ji. In ka san abin nan ya fi ƙaho, ka ji tsoron Allah ka gaya mashi." Na shiga na zauna gabansa na ce, "Malam, na ɓoye maka gaskiya. Ba kaluluwa ba ce, kuma ya fi ƙarfina tun ranar farko." Sai ya ce, "To, sai ka raka ni."

Malam Isa, lokacin ya tsufa yana gab da barin aiki, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti. Na raka shi har can a motar kasuwa. Aka yi masa tiyata, Allah Ya ba su sa'a. Amma likitan ya gaya mini a fili cewa da an zo tun ƙullutun yana ƙarami, da wataƙila muryar ta tsira. Malam ya dawo da tabo a wuya da 'yar murya kamar raɗa.

Na je neman gafara ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya yafito ni da hannu na matso, ya ce mini a kunne, "Na yafe. Kuma ka san wani abu? Da ina ɗaga murya, rabin ɗalibai ba su saurare. Yanzu da nake raɗa, ko tari ba mai yi." Ya yi dariya marar sauti har kafaɗunsa na rawa. Yana nan da ransa har yau, kuma da ya ji labarin tafiyarka ya sa aka yi maka addu'a a makarantarsa.

Saboda haka, ƙullutun wuya da ba ya ciwo kada ya kwantar maka da hankali, shi ne ma abin tsoro. Muryar babban mutum da ta dishe ta ƙi dawowa bayan 'yan makonni, kada ka sallame shi da maganin mura, ka leƙa ciki ka gani da idonka. Idan kuma ka ga abin da ba ka so, ka faɗa. Ka zaunar da mutum, ka zaɓi kalmomi masu laushi, amma ka faɗa masa a ranar. Ni na ɗauka tausayi nake yi wa Malam, ashe kaina nake tausaya wa, don ba na son in zama mai kawo mummunan labari.

Saura guda, kuma shi ban gama yin sa ba, ina cikinsa yanzu haka. Umaru, kunnena na hagu ba ya ji sosai, yau kusan shekara uku. Idan ana magana sai in juyo da na dama kamar gyara zama nake. Rediyo kuwa na ɗora wa batir laifi har mai kanti ya gaji da ni. A masallaci na koma sahun gaba don in ji liman, mutane na ta cewa Garba ya ƙara tsoron Allah da tsufa. Innarka ta gane tuntuni, idan tana son ta yi mini tsiya sai ta zagaya ta hagu ta faɗi abin da ta ga dama. Da ka zo da babbar Sallah ka tambaye ni ko ina jin ka da kyau, na daka maka tsawa na ce kunnena ya fi naka. Ka yi haƙuri. Kunya nake ji ɗan da na haifa ya leƙa cikin kunnena, kuma ina tsoron ka ce babu abin yi.

To na gaji da ɓoyo. Hutunka na farko, ka zo da madubin nan da kuke ɗaurawa a goshi. Zan shimfiɗa tabarma bakin ƙofa inda haske yake, in zauna in miƙa maka kaina yadda mutane suka shekara arba'in suna miƙa mini nasu, ba zan motsa ba. Idan dauɗa ce ta toshe shi, mu yi dariya, Innarka ta fi kowa. Idan kuma tsufa ne ko wani abu daban, ka zagayo ta dama ka gaya mini gaskiya.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a hannunka da idonka. Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokan zama na gari. Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin girman kai. Duk wanda ya kwanta a gabanka Allah Ya tashe shi lafiya, ya koma wa iyalinsa da jinsa da muryarsa. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka rubuto wa Innarka da zarar ka sauka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, amin.

Ni ne mahaifinka mai alfahari da kai,
Garba Wanzan, Gummi.